Jinkirta Fiɗa Ga Mai Sankarar Huhu: Zaɓin Na Wane Ne?

Idan likita ya gano sankara a huhun mutum, kuma ya tabbata wuƙa za ta iya cire ta, abin da zuciya ke so shi ne a yi fiɗa gobe-gobe. Amma sau da yawa sai likita ya ce a dakata, a fara da maganin da ake ɗurawa ta jijiya, watau kemoterafi, sau uku ko huɗu, mako uku-uku tsakani. Ke nan majiyyaci zai yi wata biyu ko uku yana kwana yana tashi da abin da ya san yana iya halaka shi, ga amai, ga kasala, ga zubar gashi.

Haƙiƙa likitoci suna da hujja. Sankara takan saki 'yan ƙwayoyi cikin jini waɗanda hoto ba ya nunawa, wuƙa kuwa ba ta kai gare su. A 2014 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 15 kan mutum 2,385 masu irin sankarar huhu da ta fi yawa, aka ga masu kaiwa shekara 5 a raye sun ƙaru daga 40 zuwa 45 cikin ɗari. A 2022 kuma Amurka ta yarda a haɗa da nivolumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. A gwajinsa, mutum 24 cikin ɗari ba a tarar da ƙwayar sankara mai rai a naman da aka ciro musu ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙa'idar ɗaukar ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba. Sai dai fa ƙa'idar tana aiki sarai ne inda aka san wacce ce ƙaramar. A nan kuwa likita lissafin mutum ɗari yake yi, alhali wanda ke kwance mutum ɗaya ne. Akwai wanda sankararsa za ta bunƙasa cikin waɗannan makonni, ko maganin ya raunana shi, har fiɗar da take yiwuwa jiya ta gagara yau. Babu likitan da zai iya nuna shi tun farko.

Saboda haka lalle ne a bar wa mai jikin zaɓi, bayan an zayyana masa amfanin da hatsarin duka. 'Yan'uwan da ke jan likita gefe su ce kada a gaya wa Baba, sannan su sa hannu a madadinsa, tausayi ne ya sa su, amma sun taɓa haƙƙin da ba nasu ba. Wataƙila da ya ji zai zaɓi maganin da kansa. Wataƙila kuma yana da bashin da zai biya da wasiyyar da zai rubuta kafin a yi masa ɗurin farko.