Wanda Ya Kashe Maciji Ya Nuna Kai

Duk wanda ya taɓa kwana a Daura ya san yadda maraice ya ke. Rana ta yi sanyi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai shayi ya hura wuta, samari sun kewaye benci, dattawa kuwa suna nasu gefe. Da an gama gaisuwa sai hira ta kankama. Nan da nan manomi ya zama likita, tela ya zama injiniya, ɗan acaɓa ya zama gwamna. Kafin a shanye kofi biyu an gano abin da ke cikin allurar asibiti, an san abin da dogon ƙarfen nan na kamfanin waya ya ke yi wa jinin mutum, an kuma raba wa 'yan siyasa laifinsu. Mu ma haka mu ke yi a ƙofar majami'a bayan an tashi, da wajen biki, da zaman makoki. In wani ya ce, "Kai, ina ka samo wannan?" amsar ɗaya ce kullum: "Haka na ji. Ai hira ce kawai."

To, 'yan'uwa, ga tambayar da mu ke so mu duba tare a wannan wata. Mutum yana da alhakin maganar da ya saki cikin hira, alhali bai yi nufin cutar kowa ba?

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Hira abu ne mai kyau. Da ita a ke sanin lafiyar maƙwabci, da ita baƙo ya ke zama ɗan gari. Ba kuwa laifi ba ne talaka ya yi magana a kan mulki. Iyayenmu sun sha wuya kafin su sami wannan dama. Tun daga 1950, sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, mutane da yawa sun shiga gidan yari domin sun ce talaka ma yana da baki. Ba mu roƙon kowa ya mai da wannan gado.

Amma maganar hira iri uku ce, mu kuwa mu kan zuba su a ƙwarya ɗaya. Akwai ta so da ƙi, kamar mutum ya ce furar Daura ta fi ta Kazaure, ko ya ce wannan gwamna ya fi wancan kwanta masa a rai. Wannan ra'ayi ne, kowa da nasa. Akwai ta tambaya, kamar uwa ta ce, "Me ya sa a ke bin mu gida gida da wannan magani kyauta, alhali in yaro ya yi zazzaɓi sai mun saya?" Wannan hankali ne, ya kuwa kamata a amsa mata. Ta uku ita ce ta shaida, watau mutum ya ce abu kaza ya faru, ko magani kaza yana ɗauke da guba. Wannan ta wuce ra'ayi. Ko dai gaskiya ce, ko ƙarya ce, wani kuma zai ji ya yi aiki da ita. Cewa "ra'ayina ne" ba ya sauke wa mai ita nauyi.

Bari mu ga abin da irin ta ukun nan ta taɓa jawo mana.

Cutar shan-inna tsohuwa ce a ƙasarmu. Sunanta ma ya nuna abin da kakanninmu suka zata, wai Inna ce, uwar iskoki, ta ke shanye ƙafar yaro. Yanzu an san ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, daga ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, wajen ɗaya ne ya kan shanye, sauran suna yawo da ita suna rabawa ba a sani ba. In ta shanye ƙafa babu maganin da zai komar da ita. Sai dai rigakafi, ɗigo biyu a baki. A 1988, sa'ad da ƙasashen duniya suka yi shawara su kawar da ita, tana nakasa yara wajen 350,000 a shekara.

A 2003 sai magana ta tashi a Arewa, wai an sa wa ɗigon abin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau. Waɗansu manyan mutane suka faɗa, majalisun ƙofar gida suka ɗauka. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da rigakafin. Kano ta fi daɗewa, ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an gwada maganin an kuma sayo wani daga Indunisiya. A 2002 yaran da cutar ta nakasa a Nijeriya wajen 200 ne. A 2006 sun haura 1,000. Ba ta kuwa tsaya a nan ba. Ku da ke Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu kun san ƙwayar cuta ba ta tsayawa a Kongolam ta nuna takarda. Daga Nijeriya ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Yaman da Indunisiya a 2005. A watan Fabrairu na 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, yawancinsu mata.

Yaran nan da suka shanye a 2004 yanzu sun zama manya. Muna ganin irinsu a kan keken hannu a bakin tasha. Ba wanda zai iya nuna mutum ɗaya ya ce shi ya shanye musu ƙafa. Dubban mutane ne, kowa ya ƙara nasa kara ɗaya a wutar, kowa kuma yana cewa hira ce kawai.

Kada fa mu yi wa iyayen nan rashin adalci, gama ruwa ba ya tsami banza. A 1996 sanƙarau ya kashe mutane fiye da 10,000 a Nijeriya. Cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka mutu daga ɓangarorin biyu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan kamfanin ya shirya da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da dalili, tambayar ma daidai ce. Inda aka ɓata shi ne inda "anya kuwa?" ta rikiɗa ta zama "wallahi an sa," ba tare da mai rantsuwar ya ga kome ba.

Kada kuma wani mai karatu ya ce wannan halin waɗansu ne, ba namu ba. Ku tuna da 2014. A watan Yuli wani matafiyi ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola. A farkon Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya game ƙasar nan ta wayar hannu, wai a tashi kafin gari ya waye a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kirista da Musulmi, mai digiri da wanda bai taɓa riƙe alli ba, duk aka tashi. Mu da ke rubuta wannan ma mun buga wa dangi waya da asuba, domin ƙauna muka yi. Aƙalla mutum 2 suka mutu saboda yawan gishiri, waɗansu aka kwantar a asibiti. Ebola kanta mutum 8 ta kashe a Nijeriya, ba ta kuwa kama ko mutum ɗaya a Arewa ba. Kun ga kyakkyawar niyya ba ta hana gishiri ta da hawan jini.

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi a zamaninmu shi ne waya. Dā magana tana tafiya da ƙafar fatake, kafin ta kai Damagaram ta gaji, wani ya tare ta ya tambaye ta asalinta. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, balle da aka sami WhatsApp da Facebook, majalisar ƙofar gida ba ta da bango kuma. Abin da ka faɗa wa mutum 5 da magariba, mutum 5,000 sun ji shi kafin lisha. Wayar ba ta ƙirƙiro halin ba, ta dai ba shi doki. A 2020 ma aka yi ta cewa korona cutar masu kuɗi ce, waɗansu suka ce babu ita sam, waɗansu suka ɗora wa sabuwar hanyar waya ta 5G. Alhali mutum na farko da aka tabbatar ta kashe a Jihar Katsina, a watan Afrilu na shekarar, likita ne a nan Daura, har aka rufe garin.

A wajen siyasa ma muna da misali a gida. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jiyya a Landan. Bayan ya komo sai aka baza cewa ya mutu, wai wani Jibrin daga Sudan aka kawo mai kama da shi. Maganar ta yi ƙarfi har sai da ya tsaya a ƙasar Poland a watan Disamba na 2018 ya ce shi ne da kansa. Ya rasu ran 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa a Daura bayan kwana 2. Ku duba abin da wannan zance ya cinye. Akwai tambayoyi na gaske da ɗan ƙasa ya isa ya yi: me ya sa shugabanninmu su ke zuwa jiyya waje, me aka yi wa asibitocin gida, yaya tsaro, yaya tsadar hatsi? Lokacin da za a yi waɗannan, an ɓatar da shi wajen auna kunnen mutum a hoto. Ƙarya ba ta cutar wanda aka yi wa kaɗai. Ta kan ba mai mulki mafaka, gama in mutane suka saba da shaci-faɗi, ran da aka faɗi laifinsa na gaskiya sai ya ce wannan ma irin wancan ne.

Wani zai ce, "To, sai mu yi shiru mu bar wa masu ilmi magana? Ai su ma suna kuskure, wani lokaci har suna ɓoye gaskiya." Haka ne, labarin Trovan ma ya isa shaida. Amma ku lura da abin da ya tone shi. Iyaye da likitoci da 'yan jarida da lauyoyi ne suka nemi sunaye da takardu suka kai gaban alƙali. Haka kuma abin da ya komo da rigakafin shan-inna shi ne an gwada maganin, an amsa tambayoyi, sarakuna kuma suka shiga aikin, musamman daga 2009 a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa asalin ƙwayar shan-inna ta ƙare a Afirka. Duk da haka ba a daina ɗigon ba, domin inda yara da yawa ba su sha ba, raunanniyar ƙwayar da ke cikin maganin ta kan yi ta yawo tsakaninsu har ta sāke ƙarfi. Ga gaskiya nan, ba a ɓoye ta ba, maganinta kuwa shi ne kowane yaro ya sha. Mai tambaya abokin gaskiya ne. Mai rantsuwa a kan abin da bai gani ba shi ne ke ɓata wa mai tambaya suna.

Saboda haka amsarmu ita ce i, mutum yana da alhakin hirarsa, gwargwadon abin da wani zai iya yi da ita. Alhakinsa bai kai na wanda ya ƙaga ƙaryar da gangan ba, amma shi ya ba ta ƙafa.

Mutanen Daura suna da labarin da ya ishe mu ma'auni. Masu ba da tarihi sun ce sa'ad da baƙon nan Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu da dare, gari ya waye sarauniya Daurama ta tambayi wanda ya yi wannan aiki. Mazaje da yawa suka fito, kowa ya ce shi ne. Ba ta yi gardama da kowa ba, ta ce a kawo kan. Nan baki ya mutu, sai baƙo ya fito da shi.

Mu riƙe wannan a majalisunmu. In aka kawo mana labarin magani, ko na'ura, ko na mai mulki, mu tambayi kanmu abu uku kafin mu miƙa shi gaba. Wa ya gani da idonsa? Wa zan iya tambaya da ya fi ni sani, ko malamin asibiti ne, ko ungozoma, ko malamin makaranta? In kuwa ƙarya ce, wa zai biya? In amsar ta ƙarshe ita ce jaririn maƙwabcinmu, to mu haɗiye maganar. In kuma mun riga mun faɗa sa'an nan muka gane kuskure ne, mu koma wurin da muka faɗa, gaban mutanen da suka ji, mu warware. Da wuya, amma bai kai wuyar keken hannu ba. Sa'an nan mu koya wa bakinmu cewa "Ban sani ba." Ba ta taɓa rage wa dattijo girma ba.

Yau da maraice za a sake shimfiɗa tabarma, wani kuma zai zo da sabon labari. Mu marabce shi, mu ba shi shayi, sa'an nan mu ce masa a hankali, "Malam, ina kan?"