YA KAI MATASHI, WA KE BA ƘANENKA AMSA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, da kai muke magana, domin wayar da ƙanenka yake latsawa a soro bayan sallar isha'i, galibi taka ce. Cikin birnin Kano, daga Madabo zuwa Yakasai, an san yaro in ya so sani sai ya durƙusa gaban malamin da aka san shi, aka san wurin wanda ya yi karatu. Yau kuwa sai ya tambayi Google, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1998, ya riƙe abin da ya fito masa kamar yankan wuƙa.

To, ka san yadda amsar nan take jeruwa? Na'ura ce take tsara shafuka bisa ga kalmomin da aka rubuta, da yawan shafukan da suke nuni zuwa gare su, da wasu ma'aunai nata. Ba ta san isnadi ba, ba ta san mai gaskiya da maƙaryaci ba. Sau da yawa ma abin da ke can sama talla ce, kuɗi aka biya aka ɗora ta. A 2015 hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta gwada yara masu shekara 12 zuwa 15, sai kashi 31 cikin 100 kaɗai suka gane cewa talla ce. To, ina ga yaronmu da Turancin ma bai zauna masa ba? Na farko yake dannawa, in ya ga hoto ko bidiyo shi ke nan, ba ya duba wa ya rubuta. Haka zai ɗauko hadisin ƙarya, ko fatawar da ba ta da asali, ko maganin da zai cutar da shi, ya shiga gida yana musu da mahaifiyarsa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarce mu, cikin Suratul Hujurat aya ta 6, da bin diddigin labari in fasiƙi ya kawo shi. Imamu Muslim kuma, a gabatarwar Sahihinsa, ya kawo gargaɗin Ibnu Sirin a kan mutum ya duba wurin wanda yake karɓar addininsa. In haka magabata suka yi da mutum mai suna da dangi, yaya shafin da babu ko sunan mai shi?

Saboda haka ga abin da ya hau kanka:

1. Ka ji tsoron Allah cikin naka binciken. Waya tana ajiye abin da ka nema, tana kuma iya nuna wa yaro shi da zarar ya fara rubutu. Kada ka zama ƙofar ɓarnar ƙanenka.

2. Ka kunna SafeSearch, matatar da ke rage hotunan batsa. Amma ka sani tana yoyo, ba ta ɗauke maka sa ido.

3. Ka zauna da shi ku bincika tare. Ka nuna masa alamar talla. Ka koya masa tambaya uku: wa ya faɗa, a wane littafi, wa ya tabbatar?

4. Duk mas'alar addini, ko da ya karanta a waya, ya kai ta gaban malamin Islamiyyarsa kafin ya yi aiki da ita ko ya tura wa wani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron nan amana ne, kuma za a tambaye ka a kansa ranar da dukiya da 'ya'ya ba su da amfani.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.