Shafa a Kan Safar Saƙa

Safar ulu da mata ke saƙawa a gida lokacin hunturu, a Kusugu da sauran unguwannin Daura, tana tayar da tambayar fiƙihu: mai alwala zai iya shafa a kanta maimakon wanke ƙafa? Malikiyya, wadda malaman zaure ke karantarwa daga Risala da Muhtasar, ta keɓe rangwamen ga huffin fata, ko safar da aka lulluɓe da fata. Hambaliyya ta amince da safa mai kauri idan an sanya ta da alwala, yini da dare ga mazaunin gida, kwana 3 ga matafiyi. Tushen saɓanin shi ne dalilin rangwamen: fatar ce, ko wahalar cirewa? Hujja ta biyu tana da nauyi ga tsofaffi masu faso, waɗanda ruwan asuba ke wahalarwa.