Ungozoma Tsakanin Sallah da Mai Naƙuda

TAMBAYA

Allah ya gafarta Malam, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Maigatari. Sau da yawa ni kaɗai nake a ɗakin haihuwa, musamman a aikin dare da kuma ranar Alhamis da kasuwa ke ci, domin har daga tsallaken iyaka, ƙasar Damagaram, ana kawo mana mata. Yakan faru a kira la'asar ina kan matar da jini ya ɓalle mata, ba zan ɗago ba sai bayan magariba. Wata dattijuwa a gidanmu ta ce aikin da ke raba mutum da sallah babu albarka a cikinsa, in bar shi. Shin ina da zunubi? Yaya zan yi da jinin da ke taɓa tufafina? Sannan idan mace na buƙatar a kai ta babban asibiti, miji ba ya nan, 'yan rakiya suka ce sai ya ba da izini, mene ne hukunci?

AMSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yata, kada ki bar aikinki. Karɓar haihuwa farillar kifaya ce a kan al'umma, kuma a daren da babu wata ƙwararriya sai ke, farillar ta hau kanki ke kaɗai. Malaman tarihi sun ambaci Salma, Ummu Rafi'i, wadda ta karɓi haihuwar Ibrahim ɗan Annabi (SAW), Ibnu Khaldun kuma ya ware wa ungozomanci babi guda a Muƙaddima cikin sana'o'in da ɗan Adam ba ya wadatuwa da barinsu. Dattijuwar nan kishin sallah ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ki girmama ta a kan haka, amma hukuncin da ta yanke bai dace ba.

Duk lokacin da kika ji tsoron rasa uwa ko jariri idan kika ɗaga, to wajibi ne ki zauna a kansu, ko da lokacin sallah zai fita. In kin gama sai ki rama, babu zunubi a kanki. Ko kina cikin sallar ne aka ƙwala miki kira cewa jini ya ɓalle, yanke ta za ki yi. Malamanmu sun wajabta yanke sallah domin ceton wanda ruwa zai ci ko makahon da zai afka rijiya, saboda sallah ana rama ta, rai kuwa in ya fita ya fita. Malaman Hanafiyya ma sun ambaci ungozoma da sunanta: Shurunbulali, malamin Masar da ya rasu a shekara ta 1069 bayan Hijira, ya bayyana a Nurul Idah cewa ungozomar da ke tsoron mutuwar jariri za ta jinkirta sallah ta fuskanci aikinta. Daga cikin hujjojinsu akwai abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na ranar Khandaƙ, inda Annabi (SAW) bai samu yin la'asar ba sai bayan faɗuwar rana. Gaskiya ne wasu malamai sun ce hakan ya faru kafin a saukar da sallar tsoro, don haka wanda ke cikin tsanani ya yi sallah da ishara a yadda yake. Sai dai ban ga yadda macen da hannunta ɗaya ke murza mahaifa, idonta na kan ƙarin ruwa, bakinta na ba da umarni, za ta raba hankalinta biyu ba tare da ta cuci ɗaya daga cikinsu ba. Abin da na rinjayar shi ne jinkirtawa.

Ina so ki lura da iyakar wannan haɗari, domin mutane da yawa suna ɗauka da zarar jariri ya yi kuka an gama. Kin fi ni sanin cewa zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma tana iya gamawa da lafiyayyar mace cikin awa biyu idan ba a tare ta ba. Binciken da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, ya nuna cewa auna jinin tun da wuri da haɗa magungunan a lokaci ɗaya ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Ashe ke nan ceton yana cikin sa ido. Don haka lokacin da kike jiran mabiyiya ta faɗo, da lokacin da kike duban ko mahaifa ta ɗaure, da tsayuwarki kan mai jijjiga, duk suna cikin uzuri matuƙar tsoron na gaske ne kuma babu wadda za ta tsaya miki.

Amma ba kowace naƙuda ce haɗari ba, kuma a nan ne nake ji miki tsoron sakaci. Mai haihuwar fari tana iya yini tana naƙuda, ke kuma kin san a awonki cewa da sauran lokaci. Raka'a huɗu mintuna kaɗan ne. Ki zauna da alwala, ki yi sallah a farkon lokaci tun kafin abu ya taso. Ki kuma san faɗin da mazhabar Malikiyya ta ba ki: bayan lokacin zaɓi akwai lokacin lalura, azahar da la'asar har faɗuwar rana, magariba da isha'i har ketowar alfijir, asuba har hudowar rana. Mai uzuri irin naki in ta yi sallah a cikinsa ta yi ta a kan lokaci. Kina iya kai azahar ƙarshen lokacinta ki bi ta da la'asar a farkon nata. Idan kuma kin hango cewa haihuwa za ta cinye miki lokacin la'asar gaba ɗaya, Ashhabu daga cikin almajiran Imamu Malik, da Ibnu Sirin, sun halatta haɗa salloli biyu a gida saboda buƙata, da sharaɗin kada ya zama al'ada. Sun dogara da hadisin Ibnu Abbas a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) ya haɗa a Madina ba tsoro ba ruwan sama, don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. La'asar ba a haɗa ta da magariba, asuba kuma ba a haɗa ta da komai. Sallar da ta kuɓuce miki, da ita za ki fara da zarar kin wanke hannu, kada ki bar ta sai kin koma gida.

Batun jini mai sauƙi ne. Taɓa shi ba ya karya alwala, haka duba al'aurar mace ko taɓa ta don aiki. Najasa ne, a wanke wurin da ya shafa. Abin da bai wuce faɗin dirhami ba an yafe. Ki ajiye zane da hijabi masu tsarki a jaka daban. In babu hali kuma lokaci zai fita, ki yi sallah a yadda kike, domin gusar da najasa a wurinmu yana wajaba ne tare da tunawa da iko.

Saura maganar miji. Izininsa haƙƙi ne da Shari'a ta sani, kuma ki neme shi ta waya in zai samu, don zaman lafiyar gidan. Amma haƙƙin nan bai kai ga rai ba. Idan mace na zubar da jini, ko jijjiga ta kama ta, ko naƙuda ta tsaya, a kai ta Babban Asibitin Gumel nan take, ko miji yana kara yana cinikin shanu, ko yana Legas, ko ma yana tsaye yana cewa a'a. Yardar matar kanta ta isa in tana cikin hayyacinta, in ba ta ciki lalura ta isa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya ceton rai ya ƙi, har ya kawo misalin wanda ya hana zaren ɗinke rauni mai zurfi. To ina ga wanda ya hana mota? Wanda ya je sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, zai ga abin da doguwar naƙuda da jiran izini ke bari a jikin 'ya'yanmu. In namijin likita ne kaɗai zai yi tiyatar, ya halatta gwargwadon buƙata.

Ke dai ba ki da ikon tilasta kowa, kuma akwai ƙa'idojin aikinku da za ki kiyaye. Ki faɗa wa 'yan rakiya gaskiya ƙarara, ki kira na gaba da ke, ki nemi mai unguwa ko liman in sun tirje, ki rubuta abin da ya faru. In kin yi haka suka ƙi, alhakin yana wuyansu. Mafi kyau kuma tun ranar awo ki sa miji ya furta a gaban mahaifiyarsa ko wadda za ta yi rakiya cewa in abu ya taso ba ya nan, a wuce da ita.

Allah ne mafi sani.