Ƙaddara da Haƙƙin Baƙo a Bakin Gulbi

Duk shekarar da damina ta yi ɓarna a Maradi, magana ɗaya ake ji a bakin masu jaje: haka Allah ya ƙaddara. Babu mai imanin da zai musa wannan. Sai dai akwai tambayar da jaje yakan binne: in saukar ruwa ba a hannun ɗan Adam take ba, shin wanda zai kwana a kan hanyar ruwan ma ba mutane ne ke zaɓarsa ba?

Maradi da Tibiri garuruwa ne na mutanen da yaƙi ya tasa. A farkon ƙarni na 19 Katsinawan da suka rasa birninsu suka zauna Maradi, daga baya Gobirawa suka kafa Tibiri, dukansu a kwarin Gulbi, inda kurmi ke kare su daga mahaya. Kwarin da ya tsare su daga maƙiyi shi ne ya miƙa su ga ruwa. A 1945 Gulbi ya cika ya batse, ya ci tsohon garin Maradi, aka tayar da gari zuwa kan tudu. Babu wanda ya ce wannan ƙaura raunin tawakkali ce, kamar yadda ba a taɓa zargin Annabi Yusuf da ƙarancin imani don ya tara hatsin shekaru bakwai ba.

Gulbi bai sake hali ba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jiratawa, inda noman rani ke ciyar da gidaje masu yawa, ya wuce Maradi da Tibiri, ya koma Najeriya. Kuma ba shi kaɗai ke ɓarna ba. Ruwan sama da ya rasa magudana yakan rushe gidan ƙasa ko da a kan tudu. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, jahar Maradi kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har buɗe makarantu sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli.

A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka saboda ƴan bindiga, suka sauka ƙauyukan yankin Gidan Rumji, har da na ƙasar Tibiri. Tun kafin hukumar MDD mai kula da ƴan gudun hijira ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu rumbu da zaure. Wannan karamci ne abin yabo, amma bai cika ba. Ɗan gari ya gaji sanin inda ruwa ke kwanciya. Baƙo kuwa, ko da ido, makaho ne. Filin da ya rage babu mai so, shi ake ba wanda ya zo daga baya, kuma sau da yawa ruwa ne ya hana a so shi. Wanda ya san haka ya yi shiru, ba zai laɓe bayan ƙaddara ba.

Saboda haka shiri haƙƙi ne da mai sani yake ɗauke da shi a wuyansa. A yashe magudanai kafin ruwan fari. A shata wuraren da ruwa ya saba ci, a hana gini a cikinsu. A bayyana hasashen damina a rediyo da Hausar da kowa zai gane. A sa baƙi cikin shawarar unguwa, su san inda za su dosa in dare ya yi tsanani. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na iya tattaro abin da dattawa suka riƙe game da 1945, su koyar da shi, domin garin da ya manta ambaliyarsa zai sake gini a bakinta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Buhun shinkafar da aka kai bayan gida ya rushe sadaka ce. Gargaɗin da aka kai kafin ya rushe kuwa, amana ce aka sauke.