Azurfa Ashirin

Karatu: Farawa 37:23-28, Romawa 13:1-4

Cinikin Yusufu ba aikin mutum ɗaya ba ne. 'Yan'uwansa suka sayar da shi a Dotan, fatake Isma'ilawa suka tafi da shi, Fotifar ya saye shi a Masar. Kowa ya ci ribarsa, ba kuwa alƙalin da ikonsa ya kai dukan wuraren nan.

Wannan ciniki bai mutu ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Motocin da suka kwaso su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne. Wani ya karɓi kuɗi a gida, wani ya tuƙa mota, wani yana jira a ƙetare.

Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka sa hannu a wata yarjejeniya a Palermo ta Italiya a 2000, ta fara aiki a 2003. Sun yarda su miƙa wa juna masu laifi, su taimaki juna da shaida, su ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. Nijar ma ta kafa dokar hana fataucin mutane a 2010. Manzo Bulus ya koya mana cewa mai mulki bawan Allah ne da aka sa domin hukunta mai mugunta. Haka ne. Amma jami'in da ya karɓi na goro a shinge ya bar motar ta wuce, shi ma ya ci daga azurfa ashirin ɗin nan.

To, mu fa? 'Yan'uwan Yusufu sun yi shiru fiye da shekara ashirin, suna kallon mahaifinsu yana makoki. Takardar da aka sa wa hannu a Palermo ba ta san dillalin da ke yawo a unguwarku yana yi wa 'yan mata alkawarin aiki a waje ba. Kai ka san shi. Wataƙila ma kuna sujada tare. Ka gaya wa dattawan ikkilisiya, ku kai maganar ga hukuma tun yarinyar ba ta hau mota ba.

Addu'a: Ya Uba, ka ba alƙalai da jami'an iyakokinmu tsoronka. Ka komo da 'ya'yanmu da ke hannun fatake. Cikin sunan Yesu, Amin.