Bashin da Ke Tsakaninmu da Tsara Mai Zuwa

Kowace ƙungiyar 'yan'uwantaka tana da ranar da membobinta sukan tsaya a gaban jama'a, su ɗaga hannu, su sake furta alkawarin da suka yi ranar shigarsu. Akan sa tufafin ƙungiya, a yi maci, a ci abinci, a watse. Shugabanni kuwa ba sa rasa cewa ana yin wannan duka domin tsara mai zuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma ya kamata a tsaya a auna ta. Wane hakki ne wanda ba a haifa ba tukuna yake da shi a kan memban da ke raye yau? Bai roƙe mu kome ba, bai kuma sa hannu a wata takarda ba. Shin alheri muke yi masa, ko kuwa bashinsa ne a wuyanmu?

Tarihin ƙungiyar Knights of Columbus, wato Jarumawan Kolumbus, ta 'yan Katolikan Amurka, yana taimaka mana ƙwarai a nan. Wanda ya kafa ta, Fada Michael McGivney, shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 13 na wasu baƙi daga ƙasar Ailan. Mahaifinsa ya rasu a 1873, har ya zama dole ya katse karatunsa na firistanci na ɗan lokaci ya koma gida. Da ya kama aiki a majami'ar Maryamu Mai Tsarki da ke New Haven, ya ga yadda mutuwar maigida ɗaya takan tarwatsa iyali duka, gama ma'aikatan masana'antu na wancan zamani ba su da wata ajiya. Ƙungiyoyin asiri suna ba membobinsu irin wannan tallafi, amma ikilisiya ta hana 'ya'yanta shiga cikinsu. Saboda haka ya tara waɗansu mazaje, jihar Konetikat kuma ta ba su takardar izini ranar 29 ga Maris, 1882. Shi kansa ya rasu a 1890 yana da shekara 38, bai ga girman abin da ya shuka ba.

Tsarinsu na farko mai sauƙi ne. Idan memba ya mutu, kowane ɗan'uwa ya ba da dala 1, da nufin a miƙa wa gwauruwar dala 1,000. Babu bambanci tsakanin yaro da babba, kowa kuɗinsa ɗaya. A ido wannan shi ne adalci. Amma bari mai karatu ya yi lissafi. Saurayin da ya shiga yana da shekara 25 zai iya yin shekara 40 yana biya, wanda ya shiga yana da 50 kuwa wataƙila ya yi 15 kawai, duk da haka abin da za a ba iyalansu daidai yake. Bugu da ƙari, yayin da membobi suke tsufa, mutuwa tana ƙaruwa, karɓar kuɗi kuma tana yawaita. Samari sukan duba su ga nauyin ya karkata a kansu, sai su ƙi shiga. Da zarar sun ƙi, tsofaffi kaɗai za su rage suna binne juna, har ranar da na ƙarshe zai mutu babu mai ba matarsa ko sisi. Ta wannan hanya ƙungiyoyin taimakon juna da yawa suka rushe a Amurka. Jarumawan Kolumbus sun tsira domin sun yarda su gyara: sun kafa asusun ajiya a 1892, bayan an sha ƙin shawarar, daga baya kuma suka daidaita biyan kuɗi bisa ga shekarun mutum. Yau membobinsu sun kai wajen miliyan 2.

A cikin wannan lissafi amsar tambayarmu take. Memban da ke ba da kuɗinsa yau yana sa rai cewa wani zai tsaya wa iyalinsa gobe, wannan wanin kuwa mai yiwuwa yana goye a bayan uwarsa yanzu. Ashe mu ne muke jingina a kan tsara mai zuwa. Mun riga mun rubuta sunayensu a littafin masu ɗaukar kayanmu ba tare da mun tambaye su ba. Wanda kuma ya ɗora wa wani kaya ba da saninsa ba, wajibi ne a kansa ya tabbatar kayan ba su fi ƙarfin mai ɗauka ba, kuma akwai rabonsa a ciki. Idan sabunta alkawari bai taɓa wannan ba, biki ne kawai aka yi.

Dattawa sun saba cewa 'yan zamani ba su da riƙon alkawari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama raguwar ta shafi ƙungiyoyi iri iri. Ƙungiyar Firimason, wadda ikilisiyoyi da yawa ba su yarda da ita ba, tana da membobi sama da miliyan 4 a Amurka a 1959, amma bayan 2020 ba su kai miliyan 1 ba. Masani Robert Putnam ya nuna a littafinsa na shekarar 2000 cewa talabijin da sauyin tsara suna cikin manyan dalilan da suka raba Amurkawa da taron ƙungiya. Sai dai zargin samari abu ne mai araha. Ba ya cin kuɗin kowa, ba ya kuma tayar da kowa daga kujerarsa.

Abu mai wuya shi ne rarrabe ainihin alkawari da kayan adonsa. A 2017 Jarumawan Kolumbus suka canza tufafin manyan membobinsu, suka ajiye alkyabba da hula mai gashin tsuntsu, dattawa da yawa kuma suka yi gunaguni. A 2020 suka haɗa matakai uku na rantsarwa suka zama ɗaya, suka buɗe ƙofa domin mata da 'ya'ya su zauna su gani, abin da a dā ake yi a ɓoye. Ƙa'idodinsu na ƙauna, haɗin kai da 'yan'uwantaka suna nan yadda suke. Ban ce kowane canji daidai ne ba, gama akwai ƙungiyar da ta yi ta zubar da al'adunta domin faranta wa matasa rai, har ta wayi gari ba ta da abin da za ta ba su. Matasa ma suna son abu mai nauyi da tarihi.

Littafin Irmiya sura 35 ya ba mu misali mai kyau. Yonadab ɗan Rekab, wanda ya yi zamani da sarki Yehu, ya umarci zuriyarsa kada su sha ruwan inabi, kada su gina gidaje ko su yi shuka, su zauna cikin alfarwai. Bayan shekara fiye da 200, annabi Irmiya ya ajiye musu ruwan inabi a Haikali, suka ƙi sha. Amma a lura da inda ya same su: cikin birnin Urushalima, inda suka gudo saboda rundunar Nebukadnezzar. Larura ta raba su da jeji, biyayyarsu kuwa ba ta motsa ba, Ubangiji kuma ya yabe su. Da sun nace wa zaman jeji, da ba a sami wanda zai gāji alkawarin ba.

A ƙasarmu, Fada Anselm Ojefua ya kafa Jarumawan Mulumba Mai Tsarki a Onica a 1953, da sunan ɗaya daga cikin shahidan Yuganda da aka kashe a 1886, domin mazaje masu bi su sami zumunci ba tare da sun nemi mafaka a ƙungiyoyin asiri ba. Sauran ɗarikoki ma suna da nasu zumuntai na maza, mata da matasa, kusan dukansu kuwa suna da asusun jana'iza da na rashin lafiya. Lissafin New Haven yana aiki a kansu duka. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, idan aka ce sai ya sayi tufafin ƙungiya masu tsada, ya biya kuɗin shiga, na wata, da tara iri iri, sa'an nan ya jira shekara ashirin kafin a ji muryarsa a taro, ba rashin bangaskiya ne zai hana shi shiga ba. Ya iya lissafi ne, kamar takwaransa na Amurka.

Saboda haka, kafin a ɗaga hannu a ranar sabunta alkawari ta bana, bari ma'aji ya kawo littafin kuɗi ya buɗe a gaban kowa. A karanta nawa ne a ajiya, gwauraye nawa ne ba a biya su ba tukuna, membobi nawa ne ba su kai shekara 35 ba, kuma nawa ne daga cikinsu suke zaune a majalisar da ke yanke yawan kuɗin da za a biya.